Allo Biyu a Hannun Yaro Ɗaya

Iyayenmu maza da mata, malamaina da abokan aikina, Allah ya gafarta muku. 'Ya'yana ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan har da na tsaye, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan zaman da matasanmu suke yi yanzu, rabin yininsu a gida da makaranta, rabi a cikin waya, da yadda wannan zama yake taɓa karatunsu da tarbiyyarsu da irin kallon da suke yi wa kansu.

A bakin layinmu akwai mai cajin waya. Teburinsa ba ya rabo da wayoyi, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareto na ta ƙugi a gefe. Akwai wani yaro da yake zuwa kullum bayan Magariba, ba zai wuce shekara 15 ba, almajirin wata tsangaya da ke bayanmu. Allonsa a hammata zai miƙa lamba, a ba shi wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure murfinta da roba. Ran nan na tsaya sayen kati, na ce masa, "Malam ƙarami, me kake yi da ita?" Sai ya buɗe ya nuna mini. Karatun Alƙur'ani na Husari ne fal a ciki, sura bayan sura. Ya ce kafin ya kai wa malam allonsa sai ya saurari wurin da aka tsaya masa sau uku ko huɗu, don kada ya yi gyara da yawa. Na ji daɗi har raina. Yana rufe wannan sai yatsansa ya taɓa TikTok, abin da ya kalla daren jiya ya faɗo. Ya yi wuf ya kife wayar a ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai.

Wannan kifewar ce ta tsaya mini a rai. Kunyar yaron nan tana nan da ranta, amma sai da ta ga idon babba ta motsa. Daren jiya da yake kallo, babu idon kowa. Allo biyu ne a hannunsa. Na katakon yana da malamin da yake duba shi safe da yamma. Na gilashin babu mai duba shi sai wanda ya ƙera shi, shi kuwa gyaran yaron ba ya cikin lissafinsa. A kan wannan nake so mu tsaya yau.

Mu da muka girma kafin zuwan waya mun saba cewa "duniyar intanet" da "zahiri", kamar wasu garuruwa biyu ne da ake shiga mota a je a dawo. Mu ne muke ganin wannan iyaka, su ba su san da ita ba. A shekarar 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci, mai waya kuwa a unguwa kowa ya san shi. Mafi yawan ɗaliban da ke zaune a nan bayan wannan shekarar aka haife su. Yayyensu sun yi zamanin 2go da Facebook a ƙaramar waya mai madannai, su kuma sun buɗi ido sun tarar da WhatsApp a hannun iyayensu mata, ana tura musu hoton suna da katin biki. A wurinsu, faɗan da aka fara a guruf da daddare shi ne ake ƙarasawa a bakin aji da safe, soyayyar da aka ƙulla a gidan biki kuma a waya take girma ko ta mutu.

Kuma mu manya mu ne muka tura su ciki da hannunmu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗayanta kan kwamfuta, daga 2021 kuma ba ka yin rajista sai da lambar NIN da layin waya. Yaron da ya taso daga ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa yake fara kokawa da shi, lokacinsa na tafiya. In ya samu shiga, biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako duk ta intanet ne. Sanarwar aji tana guruf ɗin WhatsApp. Ɗalibin da datarsa ta ƙare daren Lahadi yana iya zuwa ranar Litinin ya tarar an yi gwaji tun ƙarfe bakwai a wani ɗakin daban. A farkon 2023, da takardar kuɗi ta yi wuyar samu, mai shayi da mai kayan miya duk sai da suka koyi karɓar taransifa. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, mun ga mutane suna tsallakawa wata jiha don kawai su kira 'yan uwansu ko su karɓi saƙon kuɗi. Saboda haka uban da ya ce maganin abin shi ne a ƙwace wayar a kulle a akwati, na fahimci zafin zuciyarsa, amma ya sani ya kulle ƙofar makarantar ɗansa tare da ita.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su tare a wurinta ba, sai ta naɗa jajis, dattawan mata da take ɗora wa malfa, su ɗauki karatu a cikin waƙa su kai garuruwa, su kuma jagoranci 'yan taru, wato matan da suke karantarwa, su kawo su wurinta. Rediyo ya zo, BBC ta fara Hausa a 1957, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi yana tashi daga Masallacin Sultan Bello ya shiga kowane lungu ta Rediyon Kaduna. Kaset ya biyo baya, sannan memori. Duk an yi musu tsoro a zamaninsu, duk kuma sun amfane mu. Sai dai ku lura da abu ɗaya: kowannensu da mutum yake tafe. Waƙar Asma'u da jaji take zuwa, mai sanin wadda ta gane da wadda take gyaɗa kai kawai. Akwatin rediyo a ƙofar gida ake ajiye shi a kan tabarma, in aka faɗi abin da bai kwanta ba wani dattijo zai yi gyaran murya ya ce, "A'a, wannan da sake," yaran da ke gefe suna ji. Waya ce abu na farko da ya bi yaro har shimfiɗarsa, ya toshe masa kunne biyu, ya yi ta hira da shi har asuba ba tare da wani ya ji ko kalma ɗaya ba.

Ku tuna yadda ake karatu a tsangaya. Yaro ya rubuta allonsa, ya kai wa malam ya duba baƙi da wasali, a biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. In ya dawo ya kawo, ya yi tuntuɓe a harafi ɗaya, malam ko ɗaga kai ba ya yi, zai ce, "Koma." Ba a wanke allo sai wanda ya fi ka sani ya gamsu ya zauna. Haka a zaure: daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya da Risala, kana jan baƙi malam yana fassara, ba ka tsallake babi don ya gundure ka. Ko a makarantar boko, malamin lissafin da ya ja maka jan biro ya ce ka sake, aikin nan yake yi. Na daɗe ina tunani, na ga cewa ilimin da ya zauna mana a kai, kusan dukkansa ta wannan kalma ya shiga. Kalma ce mai ɗaci, ba wanda yake son jin ta, kuma ba ta fitowa sai daga bakin wanda ya san ka, ya san inda ka saba faɗuwa, yana kuma so ka tashi.

To, allon gilashi an ƙera shi ne don kada ya taɓa faɗin wannan kalma. Manhajar tana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ka maimaita, wanne ka wuce da sauri, da wannan lissafi take zaɓo maka na gaba. Kamfanin da talla yake cin abinci, talla kuwa ba ta kawo kuɗi sai ido ya daɗe a kan gilashi. Don haka duk abin da zai sa ka gaji ka ajiye wayar, kamar abu mai wuya ko wanda ya saɓa wa ra'ayinka, a hankali za ta janye shi daga gabanka. Wanda ya tsaya a kan zagi za a ƙara masa zagi, wanda ya tsaya a kan rawa za a ƙara masa rawa, mai son jin an ci mutuncin malamin wani ɓangare zai kwana yana ji. Kullum abin da take faɗa wa yaro shi ne ya ci gaba. Yaron da ya shafe awa biyar a yini ana ce masa ci gaba, in ya zo aji aka ce masa koma, sai ya ji kamar an zage shi.

Wannan ya kai ni ga batun yadda yaro yake sanin ko shi wane ne. Bahaushe in ya ga yaron da bai sani ba, tambayarsa ita ce, "Ɗan gidan wa?" Sunanka ma ba kai ka zaɓa ba: na yanka mahaifi ya raɗa, laƙabi kuma kaka ko gwaggo ta liƙa maka, ko Ɗanjuma, ko Talatu, ko Auta, ka tashi da shi ko kana so ko ba ka so. Unguwa ta san ka tun kana rarrafe, maƙwabci yana da ikon ja maka kunne, in ka yi abin kirki a ce ɗan wane ne, in ka yi na tsiya ma a ce ɗan wane ne. Nauyi ne, wani lokaci har yana danne yaro, amma shi ne yake riƙe shi. A waya, yaro ne yake raɗa wa kansa suna, ya zaɓi hoton da zai ɗora, ya sa filtar da za ta haska masa fata, ya tsaya jikin motar da ba tasa ba. Awon darajarsa kuma ya koma lamba: mabiya nawa, layik nawa, mutum nawa suka kalli sitatus. Yarinya 'yar shekara 16 tana kallon fuskarta ta madubi ta ga ba ta kai wadda take gani a wayarta ba, sai mai na shafe-shafe ya samu kasuwa.

Ba zan tsaya a nan in ce wannan 'yanci duk sharri ne ba, domin na ga alherinsa da idona. Ina da wata ɗaliba da ta yi shekara biyu a ajina ban taɓa jin muryarta ba. Tana zama can ƙarshen benci, hijabinta har ƙasa, in an yi tambaya sai ta duƙar da kai. Wata rana ƙawarta ta ce mini, "Malam, ai marubuciya ce." Ashe littattafai take rubutawa a waya da babban yatsa, shafi-shafi, tana sakewa a guruf-guruf na WhatsApp da Wattpad da wani suna daban, mata masu yawa suna biyan 'yan ɗaruruwan naira ta taransifa a sa su a guruf ɗin da ake ci gaba da labarin. Da wannan take biyan kuɗin makarantarta. Iyayenta mata a wannan sana'a, marubutan adabin kasuwar Kano, sai da suka nemi kuɗin ɗab'i, suka bi 'yan kasuwar littafi suna jiran ciniki. Ita ba ta nemi izinin kowa ba. Na ce ta turo mini in gani. Wallahi yarinyar tana da kunne: in kishiyoyi biyu suna magana a labarinta, kamar kana tsakar gidan. Amma ba aya, ba waƙafi, kalmomi a manne da juna, labarin ya kai shafi 80 yana zagaye wuri ɗaya saboda masu karatu ba sa so ya ƙare. Na buga shafi uku a takarda, na bi su da jan biro, na ba ta. Ta daɗe tana kallon takardar, idonta ya kawo ruwa. Na ɗauka na ɓata mata rai. Sai ta ce, "Malam, shekara huɗu ina rubutu, ba wanda ya taɓa gyara mini ko kalma ɗaya. Kullum sai dai a ce, Anti ci gaba, muna jira." Bayan mako biyu ta dawo da shafukan ta sake su, ta kawo wasu goma. Waya ta ba ta murya da masu sauraro da abin biyan buƙata, waɗanda aji bai ba ta ba. Abin da take nema bayan haka, mu ke da shi, kuma shekara biyu muna zaune da ita ba mu sani ba.

Ɗaya gefen kuma mai zafi ne. Yaron da ya ga ba wanda ya san gidansu sai ya saki baki, ya zagi sa'an kakansa a kwament, abin da ko da wasa ba zai yi a ƙofar gida ba. Yana ganin iska ce take ɗauka, alhali rubutu ne, rubutu kuwa ba ya mantuwa. A watan Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar jimlar da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan a kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, ya shiga gidan yari kafin a janye ƙarar. A wannan watan dai wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin. A ganina hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba, kuma shugaba ya kamata ya zama mai haƙuri da bakin yara. Amma ku 'ya'yana, ku ga inda abin ya ƙare: da yatsa aka yi, a gadon baya aka karɓa. Waɗannan su ne suka fito a labarai. Waɗanda ba sa fitowa sun fi yawa: hoton da yarinya ta tura cikin amana ya zagaye gari, auren da aka fasa saboda dangin miji sun tono tsohon bidiyo. Kuma kusan kullum 'ya mace ce take ɗaukar kayan, namijin da ya yaɗa yana yawonsa.

Bari in taɓa batun kuɗi, domin shi ne yake cin karatun samarinmu. A 2024 duk malamin da ya shiga aji ya ga abin da na gani: kawuna a sunkuye, yatsu suna ta dannar gilashi a ƙarƙashin benci. Mainin ake yi, wato danne-dannen neman kuɗin kirifto. Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu suka samu abin da suka samu, sai gari ya ɗauka, 'yan baiwa, wato masu mainin, suka cika ko'ina, aka koma kan Hamster Kombat dare da rana. Da ta tashi fashewa a watan Satumba, da yawa ba su mayar da ko kuɗin data da caji ba. Abu ne mai sauƙi mu ce yaran yanzu cima-zaune ne, amma ni ba zan faɗa ba. Wanda ya iya tashi ƙarfe uku na dare wata da watanni don kada ya rasa aikin ranar, ba malalaci ba ne, inda zai zuba ƙoƙarinsa ne ya ɓace masa. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 ya zauna a gida wata tara a 2020, ya sake zama wata takwas a 2022, saboda yajin aikin malamai. Wata 17 ke nan makaranta a rufe, waya a buɗe. Yana kuma ganin yayansa da digiri a jaka yana zaune a rumfar POS. In muna so ya yarda cewa doguwar hanya ta fi, sai mun nuna masa tana kaiwa wani wuri.

Waɗanda na ga sun ci amfanin waya da gaske, akwai abin da ya haɗa su. Ku shiga kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano, ku ga samarin da suke gyara. Yaro zai kalli bidiyon wani ɗan Indiya a YouTube yana canza wani ɗan mitsitsin abu a cikin injin waya, ko yaren ba ya ji, ya gwada. Amma akwai ubangidansa a gefe, wanda zai karɓi aikin ya juya shi ya ce dalmar nan ba ta kama ba, sake. Haka telan da yake ɗauko yayi a Instagram, haka yarinyar da ta koyi haɗa kek a bidiyo uwarta tana ɗanɗanawa. Darasin yana zuwa daga nesa, gyaran yana zuwa daga kusa. Inda aka samu biyun, yaro yana yin shekara ɗaya ya koyi abin da a da sai ya yi uku.

Annobar korona ta nuna mana wanda yake da biyun da wanda ba shi da ko ɗaya. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi a kwamfuta, iyaye na zaune kusa da su. Ɗan talaka aka ce ya saurari darasi a rediyo, in akwai batir. Wanda yake cikin yara miliyan 10.5 da UNICEF take cewa a lokacin ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, waɗanda mafi yawansu a Arewa suke, shi bai ma san an rufe wani abu ba. A gida ɗaya ma, sau da yawa wayar tana hannun ɗa namiji, 'yar uwarsa sai ta ara. Duk maganar da za mu yi ta karatu a intanet, mu riƙa tunawa da wutar da babu da datar da kuɗinta ya ƙaru a 2025.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, jingar da ɗalibai suke kawowa ta canza kama. Na taɓa karɓar wata mai shafi biyar, Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya, daga yaron da na san takardar neman uzuri tana ba shi wuya. Ban yi masa faɗa ba. Na kira shi ofis, na ba shi kujera, na ce ya rufe takardar ya gaya mini da Hausa abin da sakin layi na biyu yake nufi. Ya yi shiru, gumi ya keto masa. Na ce ya je ya zauna da na'urar nan tasa, ya tambaye ta duk kalmar da bai gane ba, ya dawo jibi ya yi mini bayani da bakinsa. Ya dawo, kuma ya yi. Na'urar tana iya zama mai biya wa yaro karatu wanda ba ya gajiya da tambaya, tana kuma iya ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba ta ba shi da cikakken ƙarfin hali. Abokan aikina, maganin wannan yana hannunmu tun kaka da kakanni: a zaunar da ɗalibi, ya kawo karatunsa da baki. Na san ajin mutum 300 ba ya barin malami ya yi haka da kowa, shi ya sa ɗaukar malamai ya fi sayen kwamfutocin da za a kulle a ɗaki gaggawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karatun addini. Ba a taɓa samun zamanin da tafsiri da hadisi da fiƙihu suka zo kusa da hannun yaro kamar yanzu ba, wannan ni'ima ce babba. Amma abin da manhaja take turowa gaba shi ne guntun da aka yanko daga karatun awa biyu, daƙiƙa 40 da malam ya ɗaga murya, sai raddi, sai raddin raddi. Saurayin da bai gama Ahalari ba ya riga ya san wanda zai kafirta. Ya san ɓangarensa kafin ya san farillan alwala. Addininmu ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, malamanmu na da kuma ba sa karɓar magana sai sun san daga wa ta fito. Allah ya gafarta malamai, in kun san za a yanka maganarku a watsa, ku auna ta da kunnen yaron da zai ji ta shi kaɗai da tsakar dare.

Harshenmu ma yana cikin wannan hali. Yara suna rubuta "xan xo" da "qasa", suna cakuɗa Ingausa, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta zama abin wahala alhali tana nan a madannan wayarsu. Duk da haka, ban yarda da masu cewa waya ta kashe Hausa ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yadda ake rubuta ta a yau ba. Ɗan Maraɗi da ɗan zangon Kumasi da Bahaushen Sudan suna haɗuwa a ƙarƙashin bidiyo ɗaya, kowa da karin harshensa, suna gane juna. Akwai matasan da suke zaune suna rubuta Wikipedia da Hausa ba wanda yake biyan su. Marubuta sun yi yawa, masu gyara ne suka yi kaɗan.

A ƙarshen 2024 ƙasar Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. Na ji wasu suna cewa mu ma a yi. Ban ƙi a sa iyaka ba, yaron firamare ba shi da abin yi da TikTok, kuma ina goyon bayan makarantar da ta ce a ajiye waya a lokacin darasi. Amma a ƙasar da yaro yake amfani da wayar uwarsa da layin yayansa, doka daga sama ba za ta shiga ɗakin kwana ba. Wanda zai shiga shi ne wanda yake da makullin ɗakin.

Iyayena, da yawanmu mun saya wa yaro waya mun juya baya, muna cewa mu ba mu iya ba. Ba sai kun iya ba. Uwar da ba ta yi boko ba tana gane abokin banza in ya yi sallama a ƙofar gida. Wannan idon shi ake buƙata. Ku zauna kusa da su, ku ce su nuna muku wanda suke bi da abin da yake ba su dariya, ku saurara kafin ku yi faɗa, domin yaron da aka daka a kan abin da ya nuna, gobe ɓoyewa zai yi. A sa lokacin da wayoyin gida duka suke kwana a wuri ɗaya, har da ta maigida, don yaro ba ya jin wa'azin uban da shi ma kansa yana sunkuye. Malamai, mu shiga guruf ɗin ajinmu, mu tambayi ɗalibanmu abin da suke yi a waya wanda ba mu sani ba. Akwai irin ɗalibata a kowane aji, tana jiran jan biro.

Ku kuma 'ya'yana, roƙo ɗaya nake yi muku. Duk abin da kake koyo a waya, karatu ne, sana'a ce, rubutu ne ko addini, ka nemi mutum ɗaya mai rai wanda ya fi ka sani a kansa, wanda ya san sunan mahaifinka, ka kai masa ya duba. In ya ce ka koma, kada ka yi fushi, kada ka toshe lambarsa. Kafin Juma'a mai zuwa kowannenku ya samu wannan mutum, ya je ya gaishe shi, ya miƙa masa aikinsa.